Marke Nawa Suka Rage a Ƙofar Marke?

'Ya'yana, duk wanda ya tashi a Hubbare ya haddace sunayen ƙofofin Sakkwato tun yana bin yayyensa aike: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Taramniya. Na daɗe ina faɗinsu yadda kowa ke faɗi. Sai da na girma, aiki ya riƙa kai ni daji, sannan kunnena ya kama abin da ke cikinsu. Ukun ƙarshen nan ai sunayen itatuwa ne. Marke mai ƙarfin ice, wanda masu gawayi ba su ganinsa su wuce. Kaɗe, wanda iyayenmu mata ke shafa mansa da hunturu. Taramniya, 'yar fako, wadda ke tsirowa inda ƙasa ta yi tsauri. Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809, har Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa, ya rasu a 1817 aka rufe shi a nan unguwarmu, mutanen birnin sun san itatuwan nan sanin da ya isa a kira ƙofa da sunansu.

To amma suna ba ya ba da adadi. Sunan Ƙofar Kaɗe bai gaya mana ko itace guda ne ke tsaye bakin ganuwa, ko kurmi ne, ko kuwa ta nan ne masu man kaɗe ke shigowa. Yau idan kuka bi titunan birnin, dogon yaro ne ya cika su, shi kuwa baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Indiya, zamanin Turawa aka kawo shi. Me ya ɓace, me ya ragu, yaushe, don me? Wanda zai amsa wannan sai ya sami wani da ya riga shi tsayawa wurin, ya ƙirga, ya rubuta. Shi ya sa nake son in yi muku magana kan aikin fita fili, ku da kuke karatun tsirrai da dabbobi da ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko kwalejojin garin nan, da ku da ke sakandare kuna tunanin bin wannan hanya.

Ku ɗauki aikin nan a matsayin shaida. Mu Sakkwatawa ba mu da uzurin rashin fahimtar wannan, don fadar Sarkin Musulmi na nan kusa da mu, kuma kowace shekara muna ganin yadda ake karɓar labarin jinjirin wata. Ba a karɓar "an ce an gani". Sai an san wa ya gani, a ina yake tsaye, da wane lokaci, su wa ke tare da shi, wa ya san shi da gaskiya. Sai an tantance sannan a sanar wa duniya. Takardar da za ku dawo da ita daga fadamar Rima ko gonakin Dundaye haka take. Kuna cewa ne: ni wane, ran kaza, na tsaya wuri kaza, na auna ta hanya kaza, ga abin da na samu, wanda ya yi shakka ya je ya maimaita. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, abin da ke hannunku ya koma hira.

Na san abin da ke faruwa, ba a ɓoye yake ba. Lokacin rubuta kundin kammala karatu ya matso, kuɗin mota babu, rana ta bazara ta haura digiri 40, sai yaro ya zauna a ɗaki ko gindin bishiya ya cika takardun tambayoyi hamsin da hannunsa, yana canza biro. Wani ya ɗauko kundin wanda ya riga shi, ya sauya sunan ƙauye. Wannan shaidar zur ce, kuma cutarta ba ta tsaya ga mai ita ba. Kundin zai shiga laburare, wani zai ɗauko lambobin ya kafa hujja da su, wani ya ɗauka daga wancan, bayan shekara goma sun zama "binciken masana ya nuna". In kuɗinku bai kai ƙauye goma ba, ku je wa malaminku ku ce uku za ku iya, ku yi ukun nan tsakani da Allah. Ba a taɓa korar ɗalibi don aikinsa ƙarami ne mai tsabta ba.

Sai dai mai gaskiya ma yana kuskure, kuma a nan ne sanin hanya ke shigowa. A 1934 wani shehin malamin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya zagayo Afirka ta Yamma, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Da rani ya zo. Ya ga ƙasa tsirara, ga rairayi, ga itatuwa sun kaɗe ganye, ga ƙura. A 1935 ya buga maƙala yana cewa Sahara na tahowa kudu, har Kano ba ta tsira ba, yana ba da shawarar a kafa ɗamarar daji don a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin ma'aikatan daji da masana ƙasa, suka bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Ba su sami alamar cewa rairayin hamada na tafiya gaba ɗaya yana cin ƙasa ba. Abin da suka samu lalacewa ce ta wuri-wuri, inda sara da ƙuna da kiwo suka yi yawa. Stebbing bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma ya ga ƙasarmu a lokaci guda, daga bakin hanya, da idon wanda ya saba da wani irin daji. Da ya dawo a watan Agusta ya tarar gero ya rufe mutum a gonakin da ya kira hamada, da maƙalar ta canza.

Shekaru da yawa bayan haka, a 1991, Compton Tucker na hukumar NASA ta Amurka da abokan aikinsa suka duba hotunan tauraron ɗan Adam na 1980 zuwa 1990. Suka ga gefen Sahara yana saukowa kudu a shekarun fari, musamman 1984, yana komawa arewa idan ruwa ya dawo. Kada ku ɗauka ina cewa ƙasarmu lafiya lau take. Wanda ya san hanyar Illela ko Gada shekara arba'in da suka wuce ya san an yi asarar itatuwa, ya san gonakin da iska ke binne shukarsu da yashi. Abin da nake jan kunnenku a kai shi ne, idan kuka ji ana maimaita cewa hamada na cin mita 600 kowace shekara, ku tambaya: wa ya auna, daga wane turke zuwa wane turke, a wace shekara? Wanda zai yi maganin ciwo dole ya san inda ciwon yake, in ba haka ba sai ya shafa magani a ƙafa mai lafiya.

Yanzu ga ku a bakin fili da igiya da littafi. Ina za ku fara? Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Ku tuna mai sayen gero a kasuwa. Ba ya yarda da abin da ke saman buhu, don ya san nan ake zuba mai kyau. Yakan cusa hannu har gwiwa, ko ya soka ƙarfe ta gefe ya fito da na tsakiya, kuma ba buhu ɗaya yake dubawa ba. Fili ma yana da "saman buhu": bakin hanya, inuwa, inda babu ƙaya, inda ido ya ga kore ya ji daɗi. Ƙafar mutum da kanta take zuwa can.

Ni kaina na faɗa wannan rami ina ɗalibi. An tura ni auna ciyawa a wani fili na kiwo, sai na riƙa ajiye katakon awona, mai faɗin mita ɗaya kowane gefe, duk inda na ga ciyawa ta yi kyau, ina ganin ai ciyawa aka ce in auna, me zan yi a fako. Na dawo da lissafi mai nuna filin zai ciyar da shanu fiye da abin da zai iya. Malamina bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni sau nawa katakon ya faɗa kan ƙasa tsirara, na ce ko sau ɗaya. Ya ce, to filin da ka je ba shi da fako ke nan? Na yi shiru. Mako biyu na rana suka tafi a banza, na koma na sake. Har yau ina tunanin da makiyayi ne ya dogara da lissafin nan nawa.

Maganin wannan shi ne ku ƙwace zaɓi daga hannun idonku ku ba ƙuri'a. Kafin ku shiga fili ku rubuta lambobi a guntayen takarda, ku zuba a hula, ku girgiza. Lamba ta farko ta gaya muku taku nawa za ku yi gabas, ta biyu taku nawa arewa. Inda kuka tsaya nan ne wurin, ko kan ƙarangiya ne, ko kan jiɓa, ko fako fetal. Ko kuwa ku ja igiya miƙe, ku yanke tun a gida cewa duk taku 50 za ku ajiye katako, kada ku sauya don kun hango wuri mai ban sha'awa. Igiyar nan ta fi amfani inda ƙasa ke canzawa a hankali. Ku ja ta daga bakin gulbin Rima ku hau tudu: za ku ga laka ta koma jigawa, shinkafa da albasa sun ba gero wuri, giginya da kanya sun ragu, sabara da geza da kalgo sun karɓe. Kuna rubutawa a kowane zango, sai ga hoton ƙasar ya fito a littafinku kamar an yanka ta gefe.

Girman wurin awo ya danganta da abin da ake ƙirgawa. Ciyawa, mita 1 sau 1 ya isa. Ƙananan itatuwa irin sabara, mita 20 sau 20. Manyan itatuwan gona, irin gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, warwatse suke, sai kun ɗauki mita 100 sau 100, wato hekta guda, in ba haka ba za ku yi ta samun babu. Don kusurwa ta tsaya daidai ku yi dabarar magina: mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, in tsakanin bakinsu ya ba da mita 5 to ta miƙe. Ku yanke hukunci tun farko kan itacen da ya faɗo kan iyaka, a ce in fiye da rabin gindinsa na ciki a ƙirga, kuma kada ku canza wannan hukunci a tsakiyar aiki. Kaurin itace ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin babban mutum, haka ake yi a yawancin duniya don a iya kwatanta aikin wani da na wani. Tef ɗin tela ya wadatar: ku zagaya gindin, ku raba abin da kuka samu da 3.14. In kewayen ya ba da santimita 157, faɗin itacen 50 ke nan. Tsayi kuwa, kakanninmu da ke auna inuwa da ƙafa don sanin shigar azahar da la'asar sun riga sun nuna mana hanya. Ku kafa sanda mai mita 1. In inuwarta mita 2 ce, inuwar gawo kuma mita 24 a daidai lokacin, to gawon mita 12 ne.

Kada ku ƙirga manya kaɗai. Gona mai kuka goma tsofaffi, babu ƙaramar kuka ko ɗaya, tana kan hanyar zama gona marar kuka, ko da yau ta yi kyau a hoto. Kamar gari ne da duk mazaunansa dattawa. Ku duƙa ku nemi 'yan tsiro da kututturen da ke tohowa, ku ba su layinsu daban, ku rubuta waɗanda akuya ta gwaguye da waɗanda gatari ya taɓa.

Wani tarkon kuma: katako goma a gonar mutum ɗaya labarin gona ɗaya suke ba ku. In kuna son ku ce wani abu game da gonakin fadama da na tudu, sai kun je gonaki da yawa a kowanne. In kuma kuna son ku nuna cewa wani abu, ƙurar masana'anta ko ruwan kwata ko shinge, ya canza tsirrai, dole ku auna wani wuri mai kama da shi wanda abin bai taɓa ba. Ba tare da shi ba, duk abin da kuka gani ana iya cewa ƙarancin ruwan bana ne ya kawo shi.

Batun lokaci kuwa gawo kaɗai ya isa malami. Da damina, sa'ad da kowane itace ke kore, shi yake zubar da ganye, abin da ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi lif, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Baƙon da ya zo a Agusta zai rubuta cewa gawon ƙauyen nan duk sun mutu. Shamuwa da ruwa take zuwa. Tafasa da yaɗiya da gasaya suna da watanninsu. Ruwanmu a Sakkwato kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, don haka fili guda yana da fuska aƙalla uku, ta damina, ta kaka, ta bazara. Wanda ya je sau ɗaya ya rubuta a fili cewa sau ɗaya ya je, ran kaza.

Kuma ku rubuta "babu". Wannan kalma tana da daraja ƙwarai a aikinmu, yara kuwa kunyarta suke ji, suna ganin kamar shafin da aka rubuta sifili shafi ne na wanda bai yi aiki ba. Muna yara, mayanka da juji ba su rabuwa da ungulu, har ba wanda ke ɗaga kai ya dube ta. Ku tambayi mahauta yaushe rabonsu da ganinta da yawa. Wani Bafaranshe mai nazarin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga shaho da mikiya da ungulu. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya koma ya bi hanyoyin nan dai, a irin lokacin, da irin tsarin. Ya tarar manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsarewa. A 2015 aka sa ita kanta ungulun gari, wadda muka raina, cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya. Ba wata na'ura mai tsada Thiollay ya yi aiki da ita ba. Ya ƙirga, ya adana littafinsa, ya yi tsawon rai, ya koma. Kowannenku zai iya zaɓar wuri guda, bakin mayanka ko bakin tafkin Kware ko saman soron gidansu, ya tsaya bayan sallar asuba minti goma cif, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji, belbela da shirwa da hankaka da kurciya, sau ɗaya a mako. Shekara ɗaya ba za ta nuna kome ba. Shekara ashirin kuwa taska ce da ba kuɗin da zai saya daga baya.

Me rashin irin wannan taska ke jawowa? Ku dubi Bakolori. An kammala madatsar a 1978 kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. Hankali duk ya tafi kan gonakin da za a ba ruwa ta magudanai. Mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda rayuwarsu ta dogara da ambaliyar da ke shimfiɗuwa kan fadama kowace damina, ba su shiga lissafi yadda ya kamata ba. Da W. M. Adams ya bi ƙauyukan nan bayan an rufe ruwa, ya buga sakamakonsa a 1985, ya nuna ambaliya ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kamun kifi ya faɗi har masunta na barin gida. Babban abin da ya dogara da shi bakin manoma da masunta ne, su ne suka riƙe yadda fadamar take kafin a tare gulbin. Madatsar Goronyo ta biyo baya a 1984 kan Rima. A Satumban 2010 kuma iyayenku sun ga yadda ruwa ya yanke hanyar jami'a ya cinye ƙauyuka. Gulbin nan zai ci gaba da canzawa, za a kuma kawo wasu ayyukan. Ranar da za a zauna gardama kan wa ya yi asara, nawa ya yi, wanda ke da rubutu tun kafin aikin shi ke iya kare talaka.

Wannan ya kawo ni ga mutane, don babu filin da ba shi da mai shi. Kada ku faɗa gonar mutum da tef da turaku ba sallama. Manomin da ya ga baƙi na auna gonarsa, abin da zai fara zuwa ransa gwamnati za ta karɓe ta ne, kuma yana da dalilin wannan tsoro. Ku fara da uban ƙasa, ya haɗa ku da hakimi, hakimi ya ba ku ɗan rakiya. In dattijo ya tsare ku ya ce, "Yaro, mi kaka biɗa cikin gonata?" ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce, "Baba, 'yan makaranta ne mu, itatuwa muke ƙirgawa don karatu." Kada ku yi alkawarin taki ko rijiya don a saki jiki da ku. Na bayanku ne zai biya bashin ƙaryar.

In kun zauna tambaya, kada ku sa wa mutum amsa a baki. Kuka ce, "Baba, ai itatuwa sun ragu ko?" zai ce sun ragu, don kara. Ku ce masa ya lissafa muku itatuwan da ke gonar nan lokacin da mahaifinsa ke nomanta, ya nuna muku inda kowanne yake tsaye. Ku ɗaura tambayarku ga abin da ba a mantawa, farin 1973 ko na 1984 ko shekarar babbar ambaliya, don mutanenmu da aukuwa suke riƙe shekaru. Bafulatani ya fi ku sanin wace ciyawa ta ɓace a burtali. Sarkawa sun san wane kifi ya daina zuwa. Majema sun san ko bagaruwar jima ta yi wuya, daga ina kuma ake kawo ta yanzu. Ku rubuta suna yadda mai shi ya faɗa, da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, sannan ku yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ku danne shi tsakanin tsofaffin jaridu ƙarƙashin katako, ku rubuta wuri da rana a jikinsa. Dalili shi ne suna ɗaya kan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma kan amsa suna uku tsakanin Sakkwato da Kano da Damagaram. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya buga ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da haka ya yi nasa, yana tambaya yana tara ganye, shi ya sa har yau ake buɗe littattafansa.

'Ya'yana mata, akwai aikin da ku kaɗai za ku iya. Da yawa daga itatuwan tsohon birni a cikin gidaje suke, bayan zaure, inda namiji baƙo ba ya wucewa: zogale, lalle, dabino, lemun tsami, gwanda, wani gidan har kurna ko tsamiya da ta girmi kakar mai gidan. Mai ƙirga daga titi dogon yaro kawai zai gani. Kuma tsofaffin mata su suka san wane ganye ake samu da wanda ya yi wuya, wane ice ke ci da kyau, nawa damin ya koma. A unguwar da Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta, ba sabon abu ba ne mace ta shiga gida-gida da ilimi.

Na san kuna da waya, kuma ina murna da ita. Tana ba ku lambobin wurin da kuke tsaye, tana ɗaukar hoto da kwanan wata, tana nuna muku gonakin Kwalkwalawa daga sama. Ku yi amfani da ita sosai. Amma hoton sama ba ya bambance gawo da dogon yaro, ba ya gaya muku wa ya bar itacen da dalilinsa. Ku dubi Maraɗi, maƙwabtanmu. Tun wajen 1983 manoma can suka fara barin kututturen da ke tohowa a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi, abin da suke kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Shekara ashirin abin na bazuwa daga gona zuwa gona, duniya na ta maimaita cewa Nijar na zama hamada. Sai da Gray Tappan da Chris Reij da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka ɗora hotunan sama na 1975 kusa da na bayan 2003, suka kuma sauka ƙasa suka shiga gonaki suka ƙirga suka tambayi masu su, sannan aka gane an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, itatuwa kimanin miliyan 200, a Maraɗi da Damagaram. Alheri ma yana ɓoyuwa in ba a je an duba ba. Michael Mortimore da abokan aikinsa a Jami'ar Bayero sun sami makamancin haka a gonakin da ke kewaye da Kano, inda aka zaci yawan jama'a ya ƙarar da itatuwa, sai ga manoma na tattalinsu.

Haka nan duk damina za ku ji an dasa dubban itatuwa, a makarantu, a bakin hanya, a layin Babbar Koriyar Ganuwa da ta ratsa jiharmu. Adadin ranar dashe kowa na da shi. Ku ku je a watan Mayu, bayan rana da akuya sun gama nasu, ku ƙirga ramuka ɗari a jere, ku rubuta nawa ke da rai, wane iri ne, wanne aka kewaye da ƙaya, wanne ke kusa da gidan da ake ba shi ruwa. Wannan kundi ne cikakke, kuma da keke ake yinsa.

Wasu dazuzzukan gabashin jihar nan yanzu ba su shiguwa saboda rashin tsaro, kun sani. Kada wanda ya kai kansa inda hakimi ya ce kada a je. Ku rubuta a kundinku cewa ba ku je can ba, da dalili, don mai karatu ya san iyakar shaidarku. Inda ake zuwa kuma ku tafi ku biyu ko uku, ku fita da sassafe, ku ɗauki ruwa, ku sa takalmi rufaffe saboda kububuwa, ku gaya wa na gida lokacin dawowarku.

Littafin fili ku sayi mai bango mai ƙarfi, ku rubuta da fensir, don gumi da ruwa na wanke tawada. Kowane shafi ya fara da rana, wuri, lokaci, yanayin sama, da sunan wanda ya yi awon. Ku rubuta nan take kuna tsaye, kada ku ce sai an koma gida. In kun yi kuskure ku ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, kada ku goge. Da dare ku ɗauki hoton shafukan, ku kwafe a kwamfuta, amma littafin kansa ku adana shi kamar takardar gida. Ku bayyana wurin yadda wanda ba a haifa ba tukuna zai same shi: lambobin waya, da kuma taku kaza yamma da rijiya, kusa da tsamiya mai kogo.

Wanda ke son farawa ba sai ya jira jami'a ta tura shi ba. Ku haɗu ku huɗu, biyu maza biyu mata, ku gaida mai unguwa ku gaya masa nufinku. Ranar Asabar bayan asuba ku tashi daga ƙofar Hubbare ku nufi Ƙofar Marke. Mazan su ɗauki titi da lunguna, matan su yi sallama gidajen da ƙuri'a ta faɗa musu. Kowane itace sunansa, kaurinsa, da wanda ya dasa shi in an sani. Asabar ta gaba Ƙofar Kaɗe, ta bayanta Taramniya. Ku yi kwafi uku, ɗaya wurinku, ɗaya wurin malaminku, ɗaya ku kai ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu ku roƙi a ajiye. In kun isa Ƙofar Marke kun tarar da marke, ku auna shi a mita 1.3, ku tambayi dattawan wurin shekarunsa. In ba ku tarar ba, ku rubuta sifili, ku sa kwanan wata.